Koren Alama Ba Shaida Ba Ce: Tambayi Uwar Garke Abin Da Ta Ajiye

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ofisoshinmu, kuma duk lokacin da ta iso wannan fili sai ta sosa mini rai: "Ai injin yana ajiya da kansa kowane dare, kore yake nunawa." Sakataren ofishin magajin gari yana faɗinta, mai kula da kantin magani na likita yana faɗinta, har ma'aikacin fasahar da ke zaune Dogon Dutsi yana lura da injinan Matankari da Dan Kasari da Sukukutane ta waya, wanda ya kamata a ce shi ne zai tsawata, shi ma yana faɗinta. To ni dai matsayina a kan wannan ba ya da kwana. Koren alama yana gaya maka cewa wani aiki ya tashi, ya gama, bai faɗi a hanya ba. Bai gaya maka abin da aikin ya ɗauko ba. Wanda yake son sanin abin da ke cikin ajiyar ko-ta-kwana, dole ya buɗe baƙin allon nan da kowa ke gudu, ya rubuta umarni, ya sa uwar garken ajiya ta jera masa sassan faifan da take riƙe da su, da ranar da ta taɓa kowanne a karo na ƙarshe, da girmansa. Daga nan ya ɗora wannan jeri kusa da jerin abin da ke cikin injin da ake cewa ana ajiyewa. In ba a haɗa jerin nan biyu ba, an yi ba a yi ba.

Manomin Arewa ba ya bukatar a koya masa wannan. In yaro ya dawo da amalanke ya ce "na kai hatsi rumbu," maigida ba ya jayayya da shi, amma yakan tashi ya leƙa, domin ya san dami nawa aka ɗaure a gona, kuma ya san gonakinsa uku ne. Yaron bai yi ƙarya ba: ya je, ya sauke, ya dawo lafiya. Sai dai gonar da ke bayan fadama bai taka ta ba, tunda ba wanda ya ce masa ya je. Haka manhajar ajiya take. Ba ta da wayo, ba ta da mugunta, abin da aka rubuta mata shi take bi.

Dalilin kuwa gajere ne. A injin Linux, abin da kake gani kamar itace guda, mai saiwa a alamar / da rassa irin su /home da /var da /data, sau da yawa faifai biyu ne ko uku da aka ɗaura wa juna, kowanne da nasa tsarin fayil. Manhajojin ajiya da yawa kuma an gina su ne su tsaya a kan iyaka. Bacula da ƙanwarta Bareos, in ba ka canza musu ba, ba sa tsallakawa daga wani tsarin fayil zuwa wani: ka ce su ɗauki /, su ɗauki saiwar, su iso bakin /data, su rubuta layi ɗaya a rahoto cewa nan wani sashe ne dabam ba za su shiga ba, su rufe aikin da harafin T, wato ya kammala lafiya lau. Layin yana nan cikin rahoton, amma wa ke karanta rahoto? A NetBackup akwai wani zaɓi na tsallaka mahaɗa, wato jakar da ake ɗaura wani faifai a kanta, da sai an kunna shi. Wanda ya kwafo umarnin rsync mai ɗauke da -x, ko tar mai --one-file-system, daga wani shafin intanet, ya ɗaure wa kansa wannan iyaka ba tare da ya sani ba. Masu Windows kada su yi murmushi: umarnin wbadmin da aka ba -allCritical yana ɗaukar sassan da injin ke bukata don ya tashi, sashen D: kuwa, inda sakatare ke tara aikin shekara biyar, ba ya shiga sai an ambace shi da suna, ko kuma wani abu na tsarin injin yana zaune a cikinsa.

Yanzu ga tambayar kanta, yadda ake jero su. Fara da injin da ake ajiyewa, domin wanda bai san gonakinsa ba ba zai san wadda aka tsallake ba. Rubuta df -hT ko findmnt, ka ga kowane sashe da nau'insa da cikarsa. Ka bi da lsblk -f, wanda zai nuna maka har faifan da ke jikin injin amma ba a ɗaura su ba. Ka buɗe /etc/fstab ka ga abin da ya kamata a ce an ɗaura. Sai ka koma uwar garken ajiya. In Bacula ce ko Bareos, shiga bconsole, list jobs zai ba ka kowane aiki da adadin fayil da yawan bayanan da ya kwasa, show filesets zai nuna abin da aka umarce ta, list files jobid= da lambar aikin zai nuna abin da ta ɗauka da gaske. In restic ne, restic snapshots yana fitar da rana da sunan injin da hanyoyin da aka ɗauka, restic ls latest kuma ya shiga da kai ciki. In Borg ne, borg list da borg info. A Windows, wbadmin get versions, sa'an nan wbadmin get items tare da alamar sigar da ta fito. Waɗanda suka samu kansu a banki ko kamfanin waya a Yamai za su tarar da manyan kaya: a na IBM da aka fi sani da TSM, query filespace, a NetWorker, mminfo, a NetBackup, bpimagelist da bplist, har da bpcoverage, wanda aikinsa ke nan, ya gwada sassan injin da manufofin ajiya ya nuna wanda ba a rufe ba. Sunayen sun bambanta, tambayar guda ce: wane sashe, yaushe, nawa.

Ba zan tsaya koya wa kowa yadda ake shiga da ssh ba. Wanda aka damƙa wa uwar garke bai iya wannan ba, matsalarsa ta wuce ta wannan fili.

Abin da zan tsaya a kai, kuma zan nanata har a gaji da ni, shi ne mahaɗa fanko, domin ita ce annobar wuri irin namu. Ka ɗauki ƙaramin injin da ke kusurwar ofis a gari irin Sukukutane, arewa da Dogon Dutsi: fankarsa ta toshe da ƙurar hunturu, batirin da ke riƙe masa wuta ya sha zafin bazara har ya kumbura, wutar kuwa ta rana ce ko ta janareta, tana zuwa tana tafiya. Ko garuruwan da ke kan layin kamfanin wuta na Nigelec ba su tsira ba. Kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke wutar da take turowa a farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta dawo da ita ba sai a watan Maris na 2024. Duk lokacin da wuta ta ɗauke wa injin ba shiri, akwai yiwuwar faifai na biyu ya ƙi ɗauruwa idan ya sake tashi. In an sa masa nofail a cikin fstab, kamar yadda ake yawan yi don kada injin ya maƙale, zai tashi abinsa ba tare da ko tari ba. Jakar /data tana nan, sunanta na nan, amma babu kome a cikinta, ƙofa ce da aka kafa babu ɗaki a bayanta. Dare ya yi, manhajar ajiya ta zo, ta tarar da jakar, ta kwashe abin da ke ciki, wato iska, ta ba da kore. Gobe haka, jibi haka. Ma'aikata kuma ba lallai su lura ba, domin sashen da ya ɓace galibi na tsofaffin takardu ne da aka ɗauki hotonsu, waɗanda ba a nema sai ranar da wani ya zo neman kwafin takardar haihuwar ɗansa da za a rubuta a jarrabawar BEPC.

Nan ne ɓarnar ke ninkuwa. In ajiyar taku rsync ce mai --delete, aikinta shi ne ta mai da kwafi ya zama daidai da asali, kuma tunda asalin yanzu fanko ne, a daren farko za ta share kwafin da kuke taƙama da shi. In manhaja ce mai riƙe tarihi, ta ba ku wa'adi ne kawai: an ce ta riƙe na kwana 30, to a rana ta 31 kwafi na ƙarshe mai rai zai fita, a bar ku da kwafi 30 na iska, dukkansu kore shar. Saboda haka sunan sashe a cikin jeri bai isa ba. Ka karanta adadi. Sashen da jiya ya ba da fayil dubu 40, yau ya ba da fayil 1, ba sai an kira masani daga Yamai ba. Ka karanta rana ma. TSM, alal misali, tana ci gaba da jera sashen da ta daina taɓawa tun bara, sunansa na nan daram, ranar da ke gefensa ce kawai za ta tona asiri. Kuma kafin ka yarda da ranar, rubuta date ka ga ko agogon injin yana cikin hankalinsa, domin ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon ciki in ya mutu, injin yakan farka a wata shekara dabam, ya riƙa buga wa ajiya ranakun da ba su da ma'ana. Maganin mahaɗa fanko layi ɗaya ne a farkon rubutun ajiyar: mountpoint -q /data, in ta amsa cewa ba a ɗaura ba, aikin ya tsaya da ja. Ja mai gaskiya ya fi amfani nesa ba kusa ba, amma mutane sun fi son a kwantar musu da hankali.

Na san abin da za a ce. Na farko, wai baƙin allo na ƙwararru ne, ga shafi mai hotuna da launuka, me ya sa za a wahalar da kai? Ban ƙi shafin ba, yana da ranarsa. Amma an tsara shi ne ya taƙaita, kuma taƙaitawar ce ke haɗiye layin da ya ce ba a shiga /data ba. Bayan haka akwai batun rezo. Ma'aikacin da ke Dutsi yana son ganin injin da ke ƙauye ta layin waya mai sanda ɗaya, shafin hotuna zai yi ta juyawa har shayi ya huce, rubutun umarni kuwa ƴan haruffa ne, ko a raunannen layi yana wucewa. Uwa uba, rubutu ana iya adana shi. Ka tura hanyoyin sassan da findmnt ya nuna cikin fayil guda, hanyoyin da ke cikin ajiya cikin wani, ka jera su da sort, ka ba comm -23 su biyun, abin da ya fito shi ne gonar da aka tsallake. Ka ajiye na wannan mako ka gwada da na makon gobe da diff. Ana iya buga shi a takarda, a sa hannu, a sa cikin rajista. Hoton allo da aka ɗauka da waya aka tura a WhatsApp ba a iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan da shi.

Na biyu, wai ai an zaɓi "dukkan faifan injin," irin ALL_LOCAL_DRIVES na NetBackup, don haka babu abin da zai tsere. Wannan ya fi zaɓen hannu, na yarda, domin sabon faifai da aka ƙara zai shiga da kansa. Sai dai "dukkan" a bakin manhaja yana nufin dukkan abin da aka ɗaura a daren. Wanda ya ƙi ɗauruwa ba ya cikin lissafi, kuma jakar da aka jawo daga wani injin ta hanyar sadarwa ba ta shiga sai an kunna mata nata zaɓin. Faifan USB da akawu ke ajiyewa a aljihun tebur kuwa, ko a mafarki.

Na uku shi ne wanda ya fi ƙarfi, kuma ba zan yi masa rowar gaskiya ba: jeri ma yana iya yaudara. Haka ne. Abin da uwar garke ke jerowa daga kundinta take karantowa, ba daga faifan ajiyar kansa ba. Kundi zai iya cewa ga fayil, alhali faifan da ke ɗauke da shi ya lalace. Zai iya kuma faruwa akasin haka: Bacula a saitinta na asali tana mance sunayen fayil bayan kwana 60 da bayanin aiki bayan kwana 180, sai list files ya fito fanko alhali bayanan suna nan kwance, ana iya farfaɗo da kundin da bscan. Sa'an nan rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, in aka kwafi fayilolinsa yana tsakiyar aiki, za su fito a jeri da cikakken girmansu amma ba lallai su buɗu ba. Sai an fitar da su ta pg_dump ko mysqldump tukuna. Duk wannan gaskiya ne, amma abin da yake nunawa shi ne jeri matakin farko ne, ba wai a tsallake shi ba. Bayansa sai restic check --read-data ko borg check --verify-data, bayansu kuma sai a dawo da fayil na gaske a wani injin a buɗe shi da ido. Wanda bai iya ware minti biyar na jeri ba, kada ya ce mini zai ware yini na gwajin dawowa.

Masu ganin wannan sakacin ƙauye ne su dubi GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan adana aikin masu rubuta manhaja na duniya. A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyansu ya share kusan gigabait 300 na rumbun bayanai bisa kuskure. Suna da hanyoyin ajiya biyar a rubuce. Da aka je nema, aka tarar wurin ajiyarsu na intanet, S3, fanko ne, domin pg_dump ɗin da ke gudana na siga 9.2 ne, rumbun kuwa 9.6, aikin yana faɗuwa, saƙonnin gargaɗin kuma ana ƙin karɓarsu a hanya, ba wanda ya taɓa gani. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka da hannu awa shida kafin lamarin, kuma aikin waɗannan awowi shida ya tafi ke nan. Umarni guda na jera abin da ke cikin wurin ajiyar, da wani ya rubuta shi kowace Litinin, da ya nuna ramin tun kafin a faɗa.

Akwai kuma masu cewa ai rajistar takarda na nan, kwamfuta ƙari ce. Gara da ƙwari da ruwan damina ba su san da wannan ba, kuma gobarar da ta cinye ma'aikatar shari'a a Yamai a watan Janairun 2012 ta nuna abin da takarda ke iya jurewa. Masu aikin lafiya su ma sukan ce alƙalumansu suna cikin manhajar DHIS2, can sama. Abin da aka shigar ya tafi, gaskiya ne. Lissafin magani, da jerin albashi, da wasiƙu, da hotunan takardun da ke kan injin ofis fa, wa ya tura su sama?

A nan dole in taɓa masu kawo kayan. Al'adar ayyukan tallafi a ƙasar nan sananniya ce: a zo da mota, a sauke kwalaye, a haɗa, a ɗauki hoto, a sa hannu a takardar karɓa wadda ke lissafa injin nawa, allo nawa, batir nawa. Ba kasafai takardar ke ɗauke da layin da ya ce ga sassan faifan da ake ajiyewa, ga shaidar an dawo da fayil an buɗe ba. Wanda ya saita ajiyar yakan rubuta hanyoyin da ke akwai ranar, ya koma Yamai da kalmar sirri a aljihunsa. Bayan shekara faifai ya cika, a kira wani ya ƙara sabo, ya ɗaura shi a /data2, ya karɓi jikkunansa ya tafi, ba wanda ya gaya wa manhajar ajiya an yi sabuwar gona. Shugabanni kuma suna canzawa. A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, kuma a duk irin wannan miƙa mulki ana ƙirga kujeru da babura da hatimi, amma da wuya a ji wani ya tambayi abin da ke cikin uwar garke. Shugaban ofis ba sai ya iya Linux ba. Abin da ke kansa shi ne ya ce a kawo masa takarda guda kowane wata mai shafi biyu, hagu abin da ke cikin injin, dama abin da ke cikin ajiya da rana da girma, ya bi da yatsa layi-layi. In hagu ta fi dama tsawo, ya tambayi dalili. Kuma tunda bayanan haihuwa da na marasa lafiya sirrin mutane ne, har ƙasa ta kafa hukumar HAPDP don kare irinsu, sunayen sassa da adadi kawai za a buga, ba jerin fayiloli masu ɗauke da sunayen jama'a ba.

Wani abu da jerin ba zai taɓa nuna maka ba shi ne inda faifan ajiyar yake zaune. Idan yana kan tebur ɗaya da injin, a soket ɗaya, ƙarƙashin kwano ɗaya mai yoyo, tsawa guda ta ishe su duka. Wasu abokan cinikin OVH, kamfani mai ba da hayar uwar garke, sun koyi wannan ranar 10 ga Maris na 2021, da gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin a Strasbourg ta Faransa, suka tarar kwafinsu a harabar guda yake da asali. A wurinmu ba sai an nemi layin intanet mai tsada ba. Faifai biyu na waje, a rufe su da kalmar sirri, ɗaya yana aiki ɗaya yana Dutsi, a riƙa musanya su duk lokacin da wani zai kai rahoto gunduma. Wanda ya karɓa a can ya jona shi, ya rubuta restic snapshots ko borg list a kansa, ya karanto wa na ƙauye ta waya sassan da ya gani da ranar kowanne, na ƙauye kuma yana riƙe da sakamakon findmnt na safiyar ranar yana amsa masa ɗaya bayan ɗaya.